Ku Tambayi Anti Malama: An ɗora min kulob biyu, jarin zoɓo kuma ya narke

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan kusan duk a wuri ɗaya suka faɗo, wato kulob-kulob ɗin makarantun sakandare, musamman na kasuwanci da na dirama, ina ga don an koma makaranta ne kowa tsohon ciwonsa ya tashi. Na zaɓi biyar, na datse masu tsawo, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Anti Malama barka da aiki. Ni sabuwar malama ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Gusau, Hausa nake koyarwa. Satin da aka dawo hutu firinsifal ta kira ni ofis tace daga yau ni ce uwar kulob ɗin dirama, kuma tunda an yiwa malamin da ke riƙe da na kasuwanci canjin wurin aiki wai in haɗa da shi. Ba kuɗi ba komai, sunayen yara kawai aka miƙo min a fallen takarda. Wallahi ban san ta ina zan fara ba, me ake yi a shekara guda cur?

AMSA: Sannu ƙanwata, sabon malami ai shi ne jakin makaranta, duk kayan da aka rasa mai ɗauka kansa ake jibgawa. Amma haɗa miki biyun nan da aka yi gaba ce ta kai ki. 'Yan dirama kullum kuɗi suke nema, na hoda, na kwali, na hayar lasifika, su kuma 'yan kasuwanci taron mutane suke nema da zasu sayarwa kaya. Kinga kowa na riƙe da abin da ɗan'uwansa ke buƙata, a makarantu da yawa sai kiga iyayen kulob ɗin ko gaisawa basa yi, ke kuwa duka a hannunki suke.

Kafin ki tara yara ki sayi littafi biyu masu kaurin bango, ɗaya na kowane kulob, ki ɗauko kalandar makaranta ki zauna da jan biro. Shekara a baki take da tsawo. Zango uku ne, kowanne sati 12 zuwa 13, ki soke satin farko da yara basu gama dawowa ba, ki soke sati biyun jarrabawa, da hutun tsakiyar zango, da kwanakin wasannin guje-guje na gidaje da ake kwashe kowa a kai fili, da hutun sallah. In sau ɗaya kuke haɗuwa a sati zakiga abin da ya rage miki bai fi zama takwas ba a zango. Da wannan 'yan zaman zaki yi komai, don haka duk wanda yazo miki da dogon buri ki nuna masa kalandar.

Zangon farko, Satumba zuwa Disamba, na kafa tushe ne. A yi zaɓe, kuma don Allah shugabanci ki ba 'yan SS2. Na san 'yan SS3 zasu kumbura suce ai su ne manya, ki basu muƙamin masu ba da shawara kowa ya huta. Ni abin nan a jikina na koye shi. A wata makaranta da na taɓa koyarwa mun yi wata biyu muna rihazal ɗin wani wasa, yarinyar da ta fito a sarauniya 'yar SS3 ce kuma wallahi ta iya, saura kwana tara a yi wasa babanta ya sa ta lesin ɗin JAMB na yamma, ko sallama bata samu yi mana ba. Haka na ɗauko wata 'yar SS1 na naɗa mata ɗankwali tana karanto maganarta daga takardar da muka liƙa a bayan mafici.

A wannan zangon 'yan dirama kada su taɓa dogon wasa. Gajeru na minti biyar a asembuli, kan makara, kan satar amsa, kan masu zubar da ledar fiyawata a harabar makaranta, ko wani ɗan abu na 1 ga Oktoba in an dawo da wuri. A nan zaki gane mai murya, da mai kunya a aji amma in ta hau dandamali ta zama wata daban, da wadda bata iya fitowa ba amma ta iya tsara magana, ita ce marubuciyarki. 'Yan kasuwanci kuma kada su fara da tambayar me muka iya yi. Ki tura su sati ɗaya lokacin tara su tsaya su lura me yara ke saye, nawa suke kashewa, me suke fita waje nema basu samu a ciki ba. Sannan su kalli yanayi. Disamba da Janairu hunturu ne, ba mai shan zoɓo mai ƙanƙara yana karkarwa, man shafawa da man leɓe su ke tafiya. Amma kuma lokacin kaka ne soɓorodo ke araha, mai wayo a lokacin yake saye ya adana a wuri busasshe ya jira zafin Maris. Wannan dabarar kaɗai in yara suka gane ta sun fi wanda ya haddace babi uku na littafin kasuwanci. A watan Nuwamba ake makon 'yan kasuwa masu ƙirƙira na duniya, ba sai kin nemo wani mai kwat ba, ki gayyato matar nan mai awara a bakin get ko wata Hajiya mai sarin atamfa daga Kantin Kwari tazo ta faɗa musu yadda ta fara da yadda ta taɓa karyewa.

Zango na biyu shi ne na aiki, amma a 'yan shekarun nan azumi a cikinsa yake faɗowa, kuma kin tuna a 2025 jihohin Kano, Katsina, Bauchi da Kebbi rufe makarantu suka yi saboda azumin. Ko ba a rufe ba, ba mai sayen cincin da rana, ba kuma mai ƙarfin ihu a rihazal. To ki turo manyan ayyukanki kafin azumi ko bayan sallah. A watan Maris akwai makon kuɗi na duniya da ma'aikatan bankuna ke zagaya makarantu suna koyar da tanadi, ki rubuta takarda da sa hannun firinsifal ki kai reshen banki mafi kusa tun Janairu ko Allah zai sa su sako ku a jerinsu. 27 ga Maris kuma ranar wasan kwaikwayo ce ta duniya, dalili ne mai kyau na roƙon a baku minti ashirin.

Zango na uku WAEC da NECO zasu ƙwace miki holin makaranta, kuma ko tari mai ƙarfi aka yi sai an zo an ce ana jarrabawa. Rihazal sai gindin bishiya can bayan azuzuwa. Akwai 27 ga Mayu ranar yara, sai babbar ranarku, bikin rabon kyaututtuka da yaye ɗalibai a watan Yuli. Ranar ce 'yan dirama zasu yi babban wasansu, 'yan kasuwanci su kafa tebur a bakin ƙofa iyaye na shigowa da ƙishirwa. Ku yi yarjejeniya tun farko a rubuce, kaso kaza na ribar ranar na dirama ne tunda su suka tara jama'ar. Sati na gaba a rufe littafi, a karanta lissafi a gaban kowa, a raba riba, a miƙa littattafan nan biyu ga sababbin shugabanni. Fallen takardar da aka miƙo miki, rashin wannan miƙawar ne ya jawo shi.

In kina son tsari shiryayye, ƙungiyar Junior Achievement da ta fara aiki a Najeriya a 1999 tana da shirin da 'yan sakandare ke kafa ɗan kamfani, su sayar da hannun jari, su yi kaya su sayar, har a yi gasa ta ƙasa. Ki bincika ko suna zuwa jiharku, in basa zuwa ma salon nasu ba wuyar kwaikwaya.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni ce ma'ajiyar kulob ɗin kasuwanci a makarantarmu a Zariya, SS2 nake. Mu 30 ne kowa ya kawo naira 500 muka haɗa 15,000 muka fara zoɓo, kuma wallahi yana ƙarewa kullum, amma yanzu da aka ce in kawo kuɗi 4,000 ne kawai a gwangwanin. Har an fara cewa wai ni na ci, wata ma tace sabon takalmina da kuɗin kulob na saya alhali yayata ce ta bani. Kwana biyu bana iya barci. Ya zanyi?

AMSA: 'Yata share hawayenki. Ban ga gwangwaninku ba amma na ga irinsa da yawa, kuma mafi yawan lokuta ba ɓarawo ko ɗaya, ɓeraye ne ƙanana da kowa ya gani ya ƙyale. Bari mu yi lissafi na misali. A ce kun kashe 9,000 a soɓorodo da sukari da citta da kanumfari da robobi, kuka samu roba 120 kuna sayarwa ɗari-ɗari. A takarda 12,000 kenan, riba 3,000, har an fara murna. To amma malamai sun ɗauki 15 sun ce a rubuta sai albashi, kuma wace ɗaliba ce zata tari malamin lissafi tace Malam kuɗin zoɓo? Masu dafawa da masu ɗurawa sun sha 10 da sunan ɗanɗana sukari. Takwas sun kwana ba wuta sun yi tsami an zubar. Saura 87, wato 8,700. Kinga kun riga kun faɗi da 300 tun ba a sa kuɗin ƙanƙara da na adaidaita zuwa kasuwa da gawayin da aka ɗebo a gidan wata ba. Ku yi haka sau goma kuna cewa kaya na ƙarewa, uwar kuɗi ce ke ƙarewa.

Abin da zaki yi, kada ki tsaya rantse-rantse a tsakar aji, rantsuwa bata cika gwangwani. Ki je wurin malamin da ke kula da ku ki ce kina so a zauna a bi lissafi tun daga ranar farko, kowa ya faɗi abin da ya sayo da abin da ya bayar bashi da sunan wanda ya karɓa. Ke da kika nemi a bincika kin riga kin wanke rabin kanki. Bashin malamai kuma shi malamin naku ne zai bi muku a ɗakin malamai, wannan ba aikin yara bane.

Daga nan sai doka. Mai riƙe kuɗi daban mai rubutawa daban, kuma kada su zama ƙawayen juna na ƙut da ƙut. A ƙirga robobi da safe a rubuta, a ƙirga kuɗi da ragowar kaya bayan an tashi mutum biyu su sa hannu. Wanda ya sha ya biya ko da ita ce shugaba. Kuɗi kada ya ƙara kwana a jakarki, a kai ofis a baki rasit. Sai farashi, ku tara duk abin da kuka kashe har kuɗin mota ku raba da yawan robobin, ku ƙara ɗan abin asara, sannan ku ɗora riba, ba wai ku leƙa nawa mai shagon waje ke sayarwa ku rage naira hamsin don a so ku ba. Kuma in kun ce zaku koma kunun aya ku sani ya fi zoɓo saurin lalacewa nesa ba kusa ba, in ba firji mai wuta to ku yi iya wanda zai ƙare a ranar.

Maganar takalmi kuwa, ki saka abinki.

TAMBAYA: Hajiya Malama, ni mahaifi ne a Kano. 'Yata tana SS1, ta dawo tana murna wai an zaɓe ta a kulob ɗin dirama. Ni gaskiya raina bai kwanta ba, na kai ta ne tayi karatu ta zama likita, ba na so a wayi gari tace min fim zata shiga. Mahaifiyarta tace in bar ta. Ina neman shawararki.

AMSA: Alhaji Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka yanke hukunci, da yawa tsawa ɗaya suke yi magana ta mutu. Tsoronka ba na banza bane, kuma bazan ɓoye maka ba, harkar finafinan Hausa ta bidiyo da ta taso a Kano wajen 1990 daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta fito, irin su Tumbin Giwa. Amma waɗancan ƙungiyoyin manya ne na cikin gari. Na makaranta kuwa, cikin ɗaruruwan yaran da suka bi ta hannuna, waɗanda nake haɗuwa da su yau malaman asibiti ne da lauyoyi da masu koyarwa da matan aure a ɗakunansu, abin da ya bambanta su da sauran shi ne in suka tashi magana a taro ana jin me suka ce. Likitar da kake so ɗin nan ai sai tayi bayani a gaban manyanta kafin a bata shaida, sai kuma ta iya yiwa tsohuwa daga ƙauye bayanin magani ta gane.

Sannan Alhaji wasan kwaikwayo ba baƙo bane a gidanmu. Kai da kanka ina kyautata zaton kayi tashe in azumi ya kai goma, ka liƙa gemun auduga ka cusa tsumma a ciki ana bin gida-gida, a Kano har Nalako, sarkin gwagware, ke fitowa farautarsu. Matan fada na da wasan gauta da suke kwaikwayon sarki da fadawansa, samarin ƙauye na da kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, ga 'yan kama da ke kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni yana zungurar azzalumai da macuta, kuma ba wanda zai ce wasan ya hana shi zama abin da ya zama.

Abin da ya kamata ka bincika shi ne yadda ake gudanar da kulob ɗin. Ka taka da ƙafarka ka ga malamin ko malamar da ke kula da su. Yaushe ake rihazal, a cikin makaranta ne kuma a lokacin makaranta? Akwai malama mace a wurin har a tashi? In makarantar haɗe ce maza da mata, wane irin fitowa ake ba yara, da wace irin shiga? Ana ɗaukar bidiyo, in ana ɗauka wa ke riƙe da shi? Wannan na ƙarshen ni ya fi damuna a zamanin nan, don wasan da aka yi don iyaye ɗari biyu wani zai yanko minti ɗaya ya watsa a TikTok. Kana da haƙƙin cewa ba ka yarda a sa fuskar 'yarka a intanet ba, kuma makarantar kirki zata ji. Ka gindaya mata sharaɗi kan sakamakon jarrabawa, in ya sauka a dakata. Ranar wasan kuma ka daure ka je ka zauna a gaba, kada ka turo mahaifiyarta ita kaɗai.

TAMBAYA: Anti ni aka ce in rubuta wasan da zamu yi ranar yaye 'yan SS3, ina Birnin Kebbi. Da Turanci zanyi ko da Hausa? Kuma bamu da hol bamu da labule.

AMSA: Ɗana, su wa zasu cika kujerun? In iyaye ne da kakanni to Hausa, ka bar Turancin a bakin wanda ya dace da shi, kamar ɗan bokon da ya dawo hutu yana yiwa kakarsa iyayi, nan ma dariya zaka samu kyauta. In firinsifal ya dage sai Turanci ku yi gajere da shi a fara, babban ya biyo da Hausa. Kada ya wuce minti 25, ranar akwai jawabai masu tsawo kuma rana na dukan mutane. Fitowa huɗu ko biyar, manyan 'yan wasa kada su wuce shida, kowane babban matsayi a samu mutum biyu da suka haddace shi.

Labari kuma kada ka kwafo fim. A Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo ke shiga Samaru da ƙauyukan kewaye su zauna da mutane su ji matsalarsu, sannan su mayar da ita wasa su yi a fili a gaban masu matsalar. Kai ma ka zagaya unguwarku da kunne. Layin ruwa, yarinyar da talla ke hana ta zuwa aji na farko, yaron da ya sayar da akuyar uwarsa ya sayi waya. Rashin hol ba komai bane, ku yi da'ira a fili, tabarma biyu ɗaki kenan, benci ɗaya ofis, a ɗaure zannuwan gado biyu a igiya a zama wurin canza kaya. Abin da zai kashe ku murya ce, a fili iska ke kwashe ta, don haka a rihazal ka tura mutum ɗaya can nesa, duk maganar da bai ji ba a maimaita. Kuma kada kowa ya juyawa 'yan kallo ƙeya yana magana.

TAMBAYA: Anti sabulun ruwan da muke yi a kulob ya karɓu har maƙwabta na aiko da jarkoki. Zamu iya yin rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC mu buɗe asusun banki da sunanmu? Daga wasu ɗalibai a Bauchi.

AMSA: Madalla da ku, amma a bi a hankali. Yawancinku baku kai 18 ba, doka bata barin ku kafa kamfani ku kaɗai sai da manya a ciki, kuma kulob dukiyar makaranta ce, baɗi wasu ne a kujerunku. Kuɗin ya zauna a hannun makaranta da rasit, ko a buɗe asusu ta hannun firinsifal da sa hannun mutum biyu. Kada a tura kuɗin kulob a asusun wayar wani malami ko yayan wata komai kirkinsa. In kuma kaya zai fita kasuwa da lakabi a jiki to an shigo hurumin NAFDAC, wannan shawarar hukumar makaranta ce ba taku ba. Sannan tunda kuna taɓa kostik soda, safar hannu da tabarau da malami a tsaye duk ranar haɗi, sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali ba ruwa ake kwarawa a kanta ba, kuma kada a ƙara ɗura sabulu a robar lemo ba rubutu a ajiye inda ƙananan yara ke wucewa.

Mai tambaya kan kulob ɗin muhawara daga Azare, saƙonka ya iso a yanke, rabinsa kawai na gani, ka sake turowa.